Taron Dangin Hayaƙi: Yadda Los Anjalis Ta Koyi Lissafin Gurɓatar Iska

Gabatarwa

Shari'ar ɓarna a ko'ina ta saba da abu uku: wanda ya yi ɓarna, wanda aka yi wa, da shaidar da ta haɗa su. Idan shanu suka shiga gona, sawu ake bi har garke, a kama mai su ya biya. To amma akwai ɓarnar da ba ta barin sawu ɗaya. Masana'anta ta saki hayaƙi daidai abin da lasisinta ya yarda, matatar mai ta saki nata daidai, motoci dubu ɗari su wuce kowacce da ɗan nata, sai a wayi gari yaran unguwa suna fama da fuka, alhali ba wanda za a riƙe a ce ya karya doka. Wannan shi ne taron dangin hayaƙi.

Birnin Los Anjalis na jihar Kalifoniya a Amurka ya shafe shekara tamanin yana kokawa da wannan matsala, kuma da yawa daga cikin dokokin hayaƙin mota da duniya ke amfani da su a yau can aka fara gwada su. Za mu bi tarihin daki-daki, domin mai karatu ya ga yadda hukuma ta tashi daga farautar mai laifi guda, ta koma auna iskar gari baki ɗaya, sannan daga baya ta gane cewa ko wannan awon yana ɓoye wahalar wasu unguwanni.

Ƙwarya da faifai

Los Anjalis tana zaune ne a wani fili mai kama da ƙwarya. Tekun Pasifik na yamma da kudu, duwatsun San Gabriel da na San Bernardino sun tokare arewa da gabas, wasu ƙololuwansu sun haura mita 3,000. Iska mai sanyi tana shigowa daga teku ta kwanta a ƙasa, iska mai ɗumi kuma ta hau kanta ta danne, tamkar an rufe ƙwarya da faifai. Duk abin da aka ƙona a ciki ba ya samun hanyar tashi sama, duwatsu kuma sun hana shi wucewa gaba. Tun a 1542, da matuƙin jirgin ruwa Juan Rodríguez Cabrillo ya iso gaɓar, ya tarar da hayaƙin wutar mutanen asalin wurin ya yi shimfiɗa a sarari, har ya raɗa wa mashigin suna Mashigin Hayaƙi.

Muddin mutane kaɗan ne, ƙwaryar tana ɗauka. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika ta. Masana'antun jiragen sama da na jiragen ruwa da na roba suka buɗe, ma'aikata suka yi ta kwararowa. Gundumar Los Anjalis tana da mutum kusan miliyan 2.8 a 1940, ta haura miliyan 4 a 1950, ta kai miliyan 6 a 1960. Tun a 1940 motocinta sun wuce miliyan ɗaya, kuma a ƙarshen wannan shekarar aka buɗe babbar hanyar Arroyo Seco, ta farko cikin jerin hanyoyin da suka mayar da garin na masu mota. Jiragen ƙasa masu lantarki da ke jigilar jama'a a da suka yi ta mutuwa layi bayan layi, har na ƙarshe na kamfanin Pacific Electric ya tsaya a 1961.

An bar jaki ana dukan taiki

Ranar 26 ga Yulin 1943 wani hazo mai yaji ya lulluɓe tsakiyar birnin. Mutum ba ya hangen abin da ya wuce layi uku na gidaje, idanu na zubar da hawaye, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Da yake ana tsakiyar yaƙi, wasu sun ɗauka Japan ce ta kawo harin iskar guba. Nan da nan aka nemi mai laifi, aka kuma samu: wata masana'antar kamfanin Southern California Gas da ke titin Aliso, wadda ke haɗa sinadarin yin roba domin yaƙi. Aka rufe ta na ɗan lokaci. Magajin gari Fletcher Bowron ya yi alkawarin za a ga bayan matsalar cikin wata huɗu. Hazo bai fasa zuwa ba.

A 1946 jaridar Los Angeles Times ta gayyato Raymond Tucker, mutumin da ya yi suna wajen raba birnin St. Louis da hayaƙin kwal. Rahotonsa da aka buga a farkon 1947 ya faɗi gaskiya guda mai nauyi, cewa laifin ba na masana'anta ɗaya ba ne, na ɗimbin wurare ne manya da ƙanana, har da murhun ƙona shara da ke bayan gidajen mutane. Sai dai bai ɗauki mota da wani muhimmanci ba. A wannan shekarar Gwamna Earl Warren ya sa hannu a dokar da ta ba gundumomi ikon kafa hukumar yaƙi da gurɓatar iska, kuma a watan Oktoba Los Anjalis ta kafa tata, irinta ta farko a Amurka. Hukumar ta tilasta wa manyan masana'antu karɓar lasisi, ta matsa wa matatun mai su rage hayaƙin farar wuta, domin shi aka sani da ɓata iska a garuruwan kwal.

An yi duk wannan, hazo sai ƙaruwa yake yi. Tsoro kuma ya daɗu da labaran da ke zuwa daga wasu wurare. A Oktoban 1948 hayaƙin masana'antu ya kashe mutum 20 a ƙaramin garin Donora na jihar Pennsylvania, a Disamban 1952 kuma hazon kwal ya hallaka aƙalla mutum 4,000 a Landan cikin 'yan kwanaki. Abin ɗaure kai shi ne Los Anjalis ba garin kwal ba ce. To me take shaƙa?

Mai binciken ƙamshin abarba

Amsar ta fito daga inda ba a zata ba. Arie Haagen-Smit, haifaffen Holan, malami ne a jami'ar Caltech da ke Pasadena, kuma aikinsa binciken sinadaran tsirrai, har da gano abin da ke ba abarba ƙamshinta. Dabarar da yake bi wajen kama ƙamshi ita ya juya kan iskar gari wajen 1948. Ya zuƙo iska mai yawa ta cikin bututu mai tsananin sanyi, ya tara 'yan ɗigon wani ruwa mai duhu da wari, ya duba abin da ke ciki. Daga nan ya koma ɗakin gwaji, ya haɗa tururin fetur da iskar naitirojin mai guba da ke fita daga kowace wuta mai zafi, ya haska musu fitila mai kama da rana. Hazon ya haɗu a gabansa, da yajinsa da komai, ya ƙona ganyen alayyafo kamar yadda manoman yankin ke kuka, ya kuma tsattsaga roba kamar yadda tayoyin mota ke tsagewa da wuri a garin.

Abin da ya gano, wanda ya wallafa a 1952, ya rusa tsohon tunani. Babban dafin da ke cikin hazon wata iska ce mai suna ozon, kuma babu bututun masana'anta ko salansar mota da ke fitar da ita. A sararin sama ake dafa ta. Matatar mai da gidan mai da tankin mota su kawo tururin fetur, injin mota da tashar lantarki su kawo nasu kason, rana ta hura wuta, faifan iska ya rufe tukunya. Ka je ka auna kowane bututu shi kaɗai, ba za ka ga abin da ke sa yaro tari ba. Sai an haɗu ake yin sa.

Ba wanda ya so wannan labari. Kamfanonin mai suka ɗauki nauyin Cibiyar Bincike ta Stanford ta ƙaryata shi. Da wani ɗan majalisar gunduma, Kenneth Hahn, ya rubuta wa kamfanonin mota a 1953, Ford ya amsa masa cewa hayaƙin salansa yana bajewa cikin iska nan take, ba shi da wata matsala. Talaka mai mota shi ma ya fi son a ce laifin na matata ne, domin laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Amma zuwa tsakiyar shekarun 1950, masu binciken da aka ɗauko don su gwada maganarsa sun tabbatar da ita. Ranar 13 ga Satumban 1955 awon ozon a tsakiyar birnin ya kai 0.68 cikin miliyan. Iyakar da gwamnatin tarayyar Amurka ta yarda da ita a yau, a matsakaicin awa takwas, 0.070 ce.

Daga bututu zuwa iskar gari

Da aka yarda cewa kowa na da hannu, sai doka ta fara shiga inda ba ta taɓa shiga ba. A 1957 aka haramta ƙona shara a bayan gida, murhu sama da 300,000 suka mutu, aka koma kwashe shara da mota. A 1958 wasu matan aure suka kafa ƙungiyar Stamp Out Smog, suka riƙa cika zauren taron hukuma da 'ya'yansu. A 1959 Kalifoniya ta yi abin da ya zama ginshiƙin duk abin da ya biyo baya: ta kafa ma'aunin ingancin iskar da mutum ke shaƙa a waje. A da tambayar ita ce nawa wannan bututu ke fitarwa. Yanzu ta koma nawa ya taru a huhun mutum, sannan a raba nauyin ragewa a kan duk masu zubawa.

Mota ta biyo baya. An kafa hukumar kula da hayaƙinta a 1960, an ɗora wa sababbin motocin 1966 iyakar abin da salansa za ta fitar, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar. A 1967 Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta haifi Hukumar Kula da Iska ta Kalifoniya, Haagen-Smit ya zama shugabanta na farko. A shekarar ce kuma majalisar tarayya ta ba jihar damar kafa dokokin mota da suka fi na sauran ƙasa tsauri. Kamfanonin mota sun yi ta jan ƙafa, har ma'aikatar shari'a ta Amurka ta kai su kotu a 1969 bisa zargin sun haɗa baki tun 1953 don jinkirta na'urorin rage hayaƙi. An sasanta ba tare da sun amsa laifi ba. A ranar ƙarshe ta 1970 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a Dokar Tsabtar Iska, wadda ta nemi a rage hayaƙin sababbin motoci da kashi 90 cikin ɗari. Daga motocin 1975 aka fara saka tukunyar tace hayaƙi a cikin salansa, kuma da yake dalma tana kashe tukunyar, dole aka fara sayar da fetur marar dalma.

Saura matsalar iyaka. Iskar teku tana tura hayaƙin Los Anjalis gabas, ya je ya nuna a kan garuruwan da ba su suka hura shi ba. A 1972 magajin garin Riverside ya roƙi gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda hazon da maƙwabta ke aiko musu. Wannan ya sa a 1977 aka haɗe hukumomin gundumomi huɗu, wato Los Anjalis, Orange, Riverside da San Bernardino, suka zama hukuma ɗaya mai kula da ƙwaryar gaba ɗayanta. A shekarar ne Haagen-Smit ya rasu.

Aikin ya yi tasiri. A ƙarshen shekarun 1970 ana shelar gargaɗin hazo fiye da sau 100 a shekara, a hana 'yan makaranta wasa a fili. A 1999 shekara ta ƙare ba a yi shelar ko sau ɗaya ba, duk da cewa mutane da motoci sun ƙaru ƙwarai.

Abin da matsakaici ya ɓoye

Awon iskar gari yana ba da matsakaici, shi kuwa matsakaici bai san unguwa ba. A kudancin birnin akwai tagwayen tashoshin jiragen ruwa na Los Anjalis da Long Beach, inda sama da sulusin kwantenonin da ke shiga Amurka ta ruwa ke sauka. A da jiragen suna ƙona baƙin mai, tireloli da jiragen ƙasa kuma suna ƙona dizal, wanda a Nijar ake kira gazuwal, su bi babbar hanya mai lamba 710 su ratsa unguwanni. A unguwar Wilmington, wadda yawancin mazaunanta 'yan asalin Latin Amurka ne masu ƙaramin ƙarfi, an haɗa musu tashar jirgi, da matatun mai, da rijiyoyin mai a tsakanin gidaje, da hanyar tireloli. Kowanne da lasisinsa, an duba shi shi kaɗai an ce bai wuce ƙa'ida ba. Ba ofishin da aikinsa ne ya tara su ya ga jimilla. Da yayyafi kogi kan cika.

Bincike ya zo ya tabbatar da abin da iyaye suka daɗe suna faɗa. A 1998 jihar ta sanya toka-tokar hayaƙin dizal cikin jerin guba. Wani babban awo da hukumar yankin ta fitar a 2000 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na haɗarin kamuwa da ciwon daji ta hanyar iska daga dizal yake, kuma ya fi tsanani a kewayen tashoshin da manyan hanyoyi. Jami'ar Kudancin Kalifoniya kuma ta bi dubban yara tun farkon shekarun 1990 tana auna huhunsu shekara-shekara. Ta gano huhun yaran garuruwa masu ƙazamar iska ba ya girma yadda ya kamata, a 2007 kuma ta nuna cewa wanda ya tashi cikin tazarar mita 500 daga babbar hanya yana kai shekara 18 da raunin numfashi.

Mazauna suka tafi kotu. A 2001 suka ƙalubalanci sabon wurin sauke kaya da aka gina wa kamfanin China Shipping ba tare da cikakken nazarin illa ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tsayar da aikin, aka sasanta a 2003 kan kuɗin rage ɓarna dala miliyan 50, da sharaɗin jirage su kashe injinsu su jona lantarki idan sun tsaya. A 2006 tashoshin biyu suka amince da shirin tsabtace iska na haɗin gwiwa. Daga Oktoban 2008 aka hana tirelolin da aka ƙera kafin 1989 shiga, daga 2012 kuma duk wadda injinta bai kai ma'aunin 2007 ba. Toka-tokar dizal daga tashoshin ta ragu da sama da kashi 80 cikin ɗari idan aka kwatanta da 2005.

Lissafin jimilla

Mataki na gaba shi ne a mayar da jimillar ta zama abin da doka ke gani. A 2013 Kalifoniya ta fitar da wata taswira mai suna CalEnviroScreen, wadda a yau take ba kowane yanki cikin kusan 8,000 maki. Ana tara nauyin gurɓata, kamar ozon, hayaƙin dizal, cunkoson motoci, maganin ƙwari, ruwan sha da juji mai guba, sai a ninka shi da raunin mazauna, kamar yawan masu fuka, jarirai marasa nauyi, talauci da rashin aikin yi. Hikimar ninkawar ita ce hayaƙi ɗaya ba ya yi wa mai asibiti a kusa da marar shi illa ɗaya. Wata doka ta 2012 ta ce aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da jihar ke karɓa daga masu fitar da iskar ɗumama duniya ya amfani irin waɗannan yankuna.

A 2017 aka ƙara wata doka mai lamba 617, wadda ta sa a kafa na'urorin awo a cikin unguwanni, a kuma zauna da mazauna a tsara yadda za a rage hayaƙi. Wilmington na cikin goma na farko da aka zaɓa a 2018. A 2021 hukumar yankin ta ɗora wa manyan rumbunan ajiye kaya, masu faɗin murabba'in mita 9,300 zuwa sama, alhakin hayaƙin tirelolin da suke jawowa, duk da rumbu ba shi da bututu. A 2022 aka soke shirin faɗaɗa hanya ta 710 bayan shekara ashirin ana ja-in-ja.

Duk da haka akwai giɓi. Taswira tana nuna inda kuɗi za su je, ba ta hana ba da sabon lasisi. Jihar New Jersey ce ta tsallaka wannan a 2020, da dokar da ta wajabta ƙin ba wa sabuwar masana'anta izini idan za ta ƙara wa unguwar da ta riga ta jigata nauyi fiye da na maƙwabtanta, sai in an nuna buƙatar unguwar ce da kanta. Los Anjalis kuwa har yau ita ke kan gaba a Amurka wajen ozon kusan kowace shekara, kuma a 2025 majalisar tarayya ta soke izinin wasu sababbin dokokin motoci na Kalifoniya, aka kai maganar kotu.

Inda labarin ya taɓo mu

Motocin da waɗannan dokoki suka tsufar ba ɓacewa suke yi ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Su ne 'yan Kwatanon da ke cika titunan Yamai da Maraɗi da Kano. Tukunyar nan ta 1975, wadda makanikai a Najeriya ke kira indomi, sau da yawa ana ɓalle ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, mota ta koma hayaƙin shekarun 1960. A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen Afirka ta Yamma sun amince a Wagadugu cewa farar wutar da ke cikin mai kada ta wuce 50 cikin miliyan, kuma a taƙaita shigo da motoci masu hayaƙi. Mataki ne mai kyau, amma har yanzu lissafin bututu ɗaya-ɗaya ne. Unguwar da ta haɗa tashar tireloli da masana'anta da janareto da juji mai ci da wuta tana jiran wanda zai tara mata jimilla.

Kammalawa

Los Anjalis ta ɓata shekaru tana neman mai laifi guda, sai a 1959 ta koma auna abin da ya taru a iska, sai bayan wata rabin ƙarni ta fara tambayar wace unguwa ce ta fi ɗauka. Riba kuwa an gan ta a jikin yara. A 2015 masu binciken nan na Jami'ar Kudancin Kalifoniya sun sake fitar da sakamako, suka nuna cewa yaran da suka tashi bayan iska ta gyaru huhunsu ya fi na yayyensu na shekarun 1990 girma da ƙarfi. Duk hukumar da za ta sa hannu a sabon lasisi, a can ko a nan, ya kamata ta fara tambayar abin da mutanen wurin suke shaƙa tun kafin mai neman lasisin ya zo. Allah ya ba shugabanni ikon yin haka, ya kuma ƙara mana lafiya.